Gargaɗi: Imanin da Bai Kai Bakin Tiya Ba

Jama'ar Tchake, jama'ar Mayahi da Tasawa, annoba ta shigo mana. Sunanta cin amana a kan abinci.

Masallatai sun cika. Sahu ya miƙe. Lasifika na tashi tun kafin asalatu. Amma a shiga kasuwa a gani. Mutum ɗaya, tiya biyu: babba idan zai saya, ƙarama idan zai sayar. Hatsi mai kyau a bakin buhu, yashi da ƙaiƙayi a gindi. Kuma rantsuwa da Allah ba ta barin bakinsa.

Wannan zalunci ne. Ya zama wajibi mu kira shi da sunansa.

Kowa ya san yadda tarkon yake. Da kaka manomi na neman kuɗin magani, na haraji, na auren 'ya. Sai ya zubar da hatsinsa da arha. Mai kuɗi ya kwashe, ya kulle a sito, ya zauna yana jiran damina ta yi nisa. A watan Yuli da Agusta rumbu ya zama fanko, ga noma a gaba. Manomin nan dai shi zai dawo ya sayi hatsin da ya noma da tsadar da ba ta da iyaka.

Wanda ba shi da kuɗi sai ya ci bashin da talakawa suka laƙaba wa "a ci ba daɗi". Ya karɓi kaɗan da damina, ya biya ninki da kaka. Kuɗin ruwa ne tsagwaronsa, ko da wane suna aka shafe shi. Bashi ya haifi bashi. Daga nan sai jinginar gona. Daga jingina sai sayarwa. Magidanci ya koma ɗan ƙodago a gonar da ya gada. Samari su watse cin rani, wasu Najeriya, wasu Agadas, wasu Libiya. Mata da yara su rage da tukunya a kife.

Mun riga mun ga ƙarshen wannan hanya. Dattawa ba su manta da yunwar 1984 ba, wadda ake kira El-Buhari. Ta 2005 kuwa da idonmu muka gani. Fari da fara sun ɓata daminar 2004, gaskiya ne. Amma hatsi bai ƙare a kasuwannin jihar Maraɗi ba. Yana nan jibge, hannun talaka ne bai kai gare shi ba. A shekarar kaɗai ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a wannan jiha tamu, wadda ake kira rumbun ƙasa. Uwaye sun binne 'ya'yansu, sito yana kulle.

Ya zama wajibi mu tuna da wannan. Wanda ya manta, zai sake haƙa irin waɗannan kaburbura.

Addini bai bar mu cikin duhu ba. Malamai sun karantar da mu cewa imani furuci ne da harshe, gaskatawa da zuciya, da aiki da gaɓɓai, yana ƙaruwa da ɗa'a, yana raguwa da saɓo. Haka yake a Risala da ake karantawa a zaurukanmu. Hannun da ke awo gaɓa ne. Sura guda, Suratul Muɗaffifina, ta buɗe da narkon azaba a kan masu tauye mudu. Mutanen Madyana sun ƙi jin Annabi Shu'aibu a kan ma'auni, aka hallaka su. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannunsa cikin tarin abinci a kasuwa, ya taɓo jiƙaƙƙe a ƙasa, ya barranta daga mai algus. Ya kuma kira mai ɓoye abinci don ya yi tsada mai saɓo.

To da wace hujja za mu tsaya gobe kiyama?

Kada wani ya fake da ƙaddara. Ruwan sama na Allah ne. Makullin sito na aljihunka ne. Umara a kai a kai ba ta wanke haƙƙin maraya. Gina masallaci da kuɗin ruwa ba ya goge hawayen bazawara.

Hukuma na yin nata. Ofishin abinci na gwamnati, OPVN, na sayar da hatsi da rahusa. A watan Oktoba na 2024 gwamnati ta hana fitar da hatsi zuwa ƙasashen waje, in ban da Mali da Burkina Faso. Amma babu jandarman da zai tsaya a kan kowace tiya. Tsoron Allah ne kaɗai mai wannan gadi. Idan ya fita daga zuciya, hatsin rahusar ma sai ya ɓulla a siton 'yan kasuwa.

Kuma amana ba ta gagare mu ba. A wannan jiha aka kafa Mata Masu Dubara a 1991. Mata ne na karkara, suna tara kuɗi a akwati kowane mako, kowa na gani, kowa na shaida. Yau ƙasashe da yawa sun kwaikwaye su. Maza ba su da uzuri.

Ya zama wajibi limamai su hau mumbari su faɗi hukuncin tauye awo da ɓoye hatsi, ko da wanda ya gina masallacin yana sahun gaba.

Ya zama wajibi hakimai, masu gari da sarakunan kasuwa su tsayar da tiya ɗaya, a gwada ta a bainar jama'a, a hukunta mai ta biyu.

Ya zama wajibi masu hali su fitar da zakkar hatsi, ɗaya bisa goma na abin da ruwan sama ya shayar, ta isa hannun mabuƙata na gaskiya.

Ya zama wajibi kwamitocin bankunan hatsi su buɗe littafi gaban mutanen gari.

Ya zama wajibi alhazan da ke riƙe da gonakin jingina su ji tsoron Allah, su karɓi uwar kuɗinsu, su mayar wa masu su.

Ku kuma da kuke gani kuna kau da kai, kuna cewa ba ruwanku, ku sani da ruwanku. Shirunku ne ke ba azzalumi ƙarfi. Iyali na ƙaruwa, gonaki na tsukewa, damina ba ta da tabbas. Fari zai sake zuwa. Idan ya same mu a haka, abin da ya faru a 2005 zai zama somin taɓi, kuma alhakin kowane yaro da ya mutu yana wuyanmu duka.

Mu gyara awo tun kasuwa mai zuwa. Allah ya ba mu ikon gyarawa.