Tamanrasset: yadda ake haɗa injin feshi na wankin mota a kan kura

Ruwan da ake sha a Tamanrasset yana yin tafiyar kilomita kusan 750 a cikin bututu daga In Salah, tun da aka buɗe aikin a watan Afrilun 2011. A gari irin wannan, duk mai sana'ar da ke cin ruwa sai ya iya lissafi. Shi kuwa wankin mota da babur da darduma sana'a ce da ba ta rasa ciniki, don ƙurar Hoggar ba ta barin komai da tsabta. Matashin da ya fito daga Zinder ko Agadez da ɗan jari yana iya haɗa injin feshinsa, ya tura shi har ƙofar mai mota, a Tahaggart ne ko a Sersouf.

Da farko dai, a bar famfo ya matsa ruwan, kada a matsa duro. Wasu kan liƙa bawul ɗin taya a jikin duron roba mai lita 200, wanda a Nijar ake ce wa tano, su hura masa iska don ruwa ya fito da ƙarfi. Wannan ganganci ne. Faɗin murfin duro ya kai santimita 57, saboda haka matsin bar 2 kaɗai, kwatankwacin na tayar mota, yana tura murfin da nauyin da ya kai tan 5. Ba don haka aka ƙera duro ba, balle wanda rana ta riga ta gasa. In ya fashe, kamar bam yake tashi. Haka ma tsohuwar tukunyar gas: kada a huda ta, kada a kai ta wurin mai walda, domin sauran gas ɗin da ya maƙale a ciki yana iya kamawa da wuta.

Abin da ake nema shi ne ƙaramin famfo mai aiki da batirin volt 12, irin wanda ake sa wa injin feshin gona. Yawancinsu suna ba da lita 4 zuwa 5 a minti ɗaya, da matsin da ya kai bar 7. A zaɓi mai kashe kansa idan aka saki hannun feshi, don yana rage cin batir, kuma ba ya fasa tiyo.

Duro yana zama a kan kura, da ɗan rami a murfinsa don iska ta shiga. Daga gindinsa tiyo ya fito ya bi ta matacin ruwa, sannan ya shiga famfo. Kada a raina matacin nan, ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta hana bawul ɗin famfo rufewa. A ɗaure famfon ƙasa da duro, ruwa ya gangaro masa da kansa. Tamanrasset tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,400, inda iska ba ta da nauyi kamar a Maraɗi, don haka famfo ya fi shan wahala wurin zuƙo ruwa daga ƙasa. Bayan famfo sai tiyo mai zare a jikinsa, mita 8 zuwa 10, a ɗaure kowace mahaɗa da zoben ƙarfe mai kusa, ba da robar taya ba. A kan wayar da ta fito daga ɓangaren ja na batir a sa fis na amfiya 10, kusa da batirin.

Idan famfo yana ba da lita 4 a minti, aka yi minti 6 ana feshi a kan mota ɗaya, lita 24 ke nan, duro guda ya wanke motoci 8. Wutar da famfo mai jan amfiya 5 zai ci a wannan aiki ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na batirin mota mai 45Ah ba. Nauyi ne abin dubawa: lita 200 kilo 200 ne, ban da batir da kurar kanta. Mai turawa da hannu gara ya fara da jarka huɗu masu lita 25.

Kada kuma a yi wa mai mota alkawarin aikin Kärcher. Waɗancan injuna suna wuce bar 100, kuma suna bukatar lantarki mai volt 220. Bar 7 ba zai ɓamɓare busasshiyar laka ba, amma ya isa ya zubar da ƙura kafin soso ya taɓa fenti. Mai gaggawar da ya goga tsumma a kan ƙura zai bar zane a jikin motar mutane, kuma ba za a sake kiransa ba. Sabulu a bokiti ake kaɗa shi, kada ya bi ta cikin famfo.

Ruwan Sahara yana barin farin gishiri idan ya bushe. A yi wanki a inuwa, a goge nan take, bakin feshin kuma a riƙa jiƙa shi cikin ruwan lemun tsami duk mako. A daren Disamba da Janairu, lokacin da sanyin tudu ke tsananta, a zubar da ruwan da ya rage cikin famfo kafin a kwanta. Game da wurin tsayawa kuwa, gara a fara neman izinin baladiyya da na mai gidan da za a jiƙa wa ƙofa.