Me Ya Sa Wikipedia Ke Korar Masu Talla?

A watan Mayun 2019 wani bidiyo ya fito wanda a cikinsa kamfanin tufafi na The North Face da masu shirya masa talla a Brazil ke bugun ƙirji. Sun ɗauki hotunan mutane sanye da kayan kamfanin a wuraren yawon buɗe ido, suka shiga Wikipedia suka cire hotunan da ke shafukan waɗannan wurare suka sa nasu. Lissafinsu shi ne, duk wanda ya nemi hoton wurin a Google, tambarinsu zai fara gani, ba su biya ko kwabo ba. Nan da nan editoci 'yan sa-kai suka kwashe hotunan, kamfanin kuma ya fito ya nemi afuwa.

Abin da ke jan masu talla zuwa Wikipedia ba ɓoyayye ba ne. Tun da aka buɗe ta a ranar 15 ga Janairun 2001 ba ta ɗaukar talla, da gudummawar masu karatu take tafiya. Ko a 2002, da aka ji ƙishin-ƙishin za a fara sa talla, editocin sashen harshen Sifaniyanci da dama sun ɓalle sun kafa nasu kundin. Wurin da ba a talla mutane sun fi yarda da shi, yardar nan kuwa ita mai talla yake kwaɗayi.

Dokar Wikipedia a kan mahaɗi, wato adireshin da ake latsawa ya kai mutum wani shafin, ba ta da wuyar fahimta. Idan maƙala a kan kamfani ce, ana barin mahaɗi zuwa shafinsa na ainihi. Amma idan maƙalar a kan zuma ce, mai sayar da zuma ba shi da hurumin liƙa adireshin shagonsa a ƙasa, komai kyawun zumarsa. Haka ma mahaɗin da ke ba wanda ya sa shi la'ada idan an yi sayayya ta hanyarsa. Ana duba abu biyu: me mai karatu zai ƙaru da shi, kuma wa ya kawo shi. Mutumin da bai taɓa gyara ko waƙafi ba, sai ga shi yana bi shafi-shafi yana ajiye adireshi ɗaya, ya riga ya tona kansa.

An kuma rage wa abin riba. A 2005 Google da takwarorinsa suka fito da wata alama mai ma'anar "kada a bi", wadda ke gaya wa injin bincike kada ya ƙara wa shafi daraja saboda an ambace shi. A Janairun 2007 Wikipedia ta Ingilishi ta sa alamar a kan duk mahaɗan da ke fita waje. Akwai kuma baƙin kundi na adiresoshin da aka haramta. Idan ka sa ɗaya daga cikinsu, gyaranka ba zai ma adanu ba. Har shafukan gajarta adireshi irin su bit.ly suna ciki, don da su ake ɓoye inda mahaɗi ya nufa.

To amma mai neman kasuwa ba ya rasa ƙofa. Wanda ya fi wuyar kamawa, a ganina, shi ne tallan da ke shigowa da rigar manazarta. Mutum zai nemo wata hujja da shafinta ya mutu, ya musanya ta da adireshin kasuwancinsa, ya rubuta cewa gyara ya yi. Ko ya ƙara jimla ɗaya ta gaskiya, ya jingina ta da shafin da ba komai cikinsa sai farashi da lambar waya. Kamar mai gauraya tsakuwa ne a buhun shinkafa: nauyin ya cika, sai an zo ci ake ganewa. Irin wannan sai edita ya latsa ya karanta da idonsa, kuma a sassan da masu sintiri ba su da yawa, har da Wikipedia ta Hausa, aikin ya fi nauyi a wuyan mutane kaɗan.

Sai batun rubutu don kuɗi. A 2013 an toshe ɗaruruwan asusu masu alaƙa da wani kamfani mai suna Wiki-PR. A watan Yunin 2014 Gidauniyar Wikimedia, mai kula da Wikipedia, ta gyara sharuɗɗanta: duk wanda aka biya ya yi gyara, dole ya bayyana wanda ya ɗauke shi aiki da wanda ake yi wa aikin. Ba a haramta karɓar kuɗi kwata-kwata ba, ɓoyewar ce laifi. Shekara ɗaya da 'yan watanni bayan haka, a ƙarshen Agustan 2015, aka toshe asusu 381 a badaƙalar da ake kira Orangemoody, aka goge maƙaloli sama da 200. A wannan karon ƙananan 'yan kasuwa da masu fasaha ne aka damfara: an karɓi kuɗinsu don a buɗe musu shafi, sannan aka nemi wasu su riƙa biyan dala 30 duk wata wai don a kare shi daga gogewa.

Saboda haka idan wani ya ce maka kawo kuɗi in sa kamfaninka a Wikipedia, ka sani yana sayar da abin da ba nasa ba ne. Shafi yana tsayawa ne idan jaridu da littattafai masu zaman kansu sun yi rubutu mai zurfi a kanka, ba sanarwar da ka biya aka buga ba. Idan ma ya tsaya, ba kai ke da iko da shi ba: ranar da kotu ta ci kamfaninka tara kuma jaridu suka ruwaito, wani edita zai rubuta hakan a ciki, kuma ba ka da ikon hana shi.