Yaran Banki Ma Suna Bukatar Ubangida

Duk mai cin kasuwar Adumri ko ta Pitowa ya san su: samari da 'yan mata ɗauke da jakar takardu, suna bin mu rumfa-rumfa, wai mu buɗe asusu. Mukan yi musu kallon 'yan hutu masu shan iska a ofis. Alhali kuwa ba haka abin yake ba.

Kowannensu an yanka masa adadin mutanen da zai kawo da kuɗin da zai tara kafin ƙarshen wata. In ya cika, a ƙara masa wani. In ya gaza, manaja ya tasa shi a gaba. Ga shi kuma mu da yake bi ba mu manta ba. An rufe bankin SCB a 1989, Meridien BIAO ya bi sahu a 1996, ga karyewar darajar sefa da rabi a Janairun 1994. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. To, yaro ya yini a rana a kara, ya koma Garwa hannu biyu, ina zai ga barci?

Mu dai a sana'armu ba a sakin yaro haka nan. Sai ya shekara yana bin ubangidansa, ya iya duba haƙorin sa, ya san dillalin kirki, ya ga yadda ake biyan bashi ba takarda. In ya tafka asara, a kira shi gefe a nuna masa, ba a gaban jama'a ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba.

Haka muke gani ga yaran banki. Wanda tsohon hannu ya kama hannunsa ya gabatar da shi ga sarkin kasuwa, za ka same shi da natsuwa, yana son aikinsa, yana daɗewa. Wanda aka jefo shi kaɗai, tsoron kora kan sa ya yi alkawarin rancen da ba shi da ikon bayarwa, bayan wata kaɗan ka neme shi ka rasa.

Saboda haka, 'yan uwa, duk alkawari a rubuta shi, a kuma san babban da ke bayan yaron. Su kuma manajoji, su riƙa haɗa sabo da tsoho. Dukiyarmu ce a hannunsu. Allah ya sa a gyara.