Tambulan masu gindin azurfa da suka shekara 800

A ƙasar Arewa, tun daga Dogon Dutsi har Sukukutane, babu wanda bai san aikin gyartai ba. Idan ƙwarya mai zane ta tsage, uwargida ba ta yar da ita, sai ta kai a ɗinke, domin abin da aka gada wurin kaka ya fi ƙarfin kuɗin kasuwa. Irin wannan tattali ne ya tsare waɗansu tambulan na gilashi a ƙasar Turai har shekara wajen 800.

Ana kiran su da sunan Hedwig, matar wani basarake na Silesiya, ƙasar da yawancinta ke cikin Polonya a yau. Ta rasu a 1243, kuma an ce da irinsu take shan ruwa. Guda 14 ne suka rage lafiyayyu a duniya. Gilashinsu mai kauri ne, launinsa kamar na zuma, tsawon mafi yawansu bai kai taƙi guda ba. An sassaƙe jikinsu da dutsen wasi mai juyawa, aka fito da siffar zaki da mikiya. Aiki ne mai wuya ƙwarai, don in hannu ya goce sau ɗaya, wahalar makonni ta tafi a banza.

Masana sun ce a ƙarni na 12 aka yi su, amma har yanzu suna gardama a kan wurin. Waɗansu sun ce Masar, don sassaƙar ta yi kama da ta zamanin Fatimiyawa a Alƙahira. Waɗansu kuma sun ce Sham ko tsibirin Sisili. Abin mamaki, ba a taɓa samun ko ɗaya a Masar ko Sham ba.

To, me ya hana su fashewa? Da suka shiga taskokin majami'u, sai aka kira maƙeran fari suka yi wa waɗansunsu gindi na azurfa, aka shafe shi da ruwan zinariya. Gindin nan ya ƙara musu kyau, ya kuma ɗaga su daga ƙasa, ya sa kowa ya san ba kofin yau da kullum ba ne. Biyu masu gindin ƙarfe suna garin Namur na Beljik, ɗaya yana babbar majami'ar Karakobi a Polonya. Wanda gidan tarihi na Landan ya samu a 1959 ba shi da gindin azurfa.

Taskar Fatimiyawa kuwa ba ta yi wannan sa'a ba. Malam Maƙrizi ya ba da labarin yadda sojoji suka wawashe ta wajen 1068, a zamanin halifa Mustansir, kayan ƙarau masu ɗimbin yawa suka watse a kasuwanni.

Nijar ma ta ɗanɗana irin wannan hasara. Bayan tonon da aka yi a Bura a 1983, dillalai sun kwashi tukwane da gumakan yumɓu masu yawa zuwa Turai. Tun 1997 akwai doka mai kare kayan tarihin ƙasa, kuma gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai yana nan tun 1959. Sai dai tsohon akushi da ƙwarya mai zane da ke ɗakunan Arewa, roba da kwanon tasa sun ture su gefe, gara kuma ba ta jiran ma'aikacin gwamnati.