Daga katin ɗaurin aure zuwa dandamalin taron masu zane da kwamfuta

Duk wanda ya saba karɓar katin ɗaurin aure a Dugabau ko Gwarzo ya taɓa cin karo da wannan: a saman jerin sunaye an rubuta "Manyan Baki" maimakon "Manyan Baƙi". Sau da yawa ba rashin iya Hausa ba ne. Matashin da ya tsara katin, a wayarsa da PixelLab ko Canva, ko a kwamfutar shago da CorelDRAW, ya zaɓi kyakkyawan samfurin haruffa, ya danna ƙ, sai wani ɗan akwati ya fito a gurbinta. Ga mai biki a tsaye, ga fargabar a ɗauke wuta. Sai ya sa k ya wuce wurin. Shi ke nan, dagaci da liman sun zama masu manyan baki.

Abin da matashin nan bai sani ba shi ne, wannan 'yar matsalar tasa ta isa a tsaya a gaban taro a yi jawabi a kanta.

Kamfanonin da ke ƙera manhajojin zane suna tara masu amfani da kayansu duk shekara. Autodesk, mai AutoCAD da masu zanen gine-gine ke aiki da ita, yana da taron da ake kira Autodesk University, wanda duk da sunansa ba jami'a ba ce. An fara shi a 1993 a San Francisco ta Amurka. Figma, wadda ake tsara fuskar manhajojin waya da ita, ta fara nata taron, Config, a 2020. Masu Blender, manhajar kyauta ta zanen katun, a Amstadam ta ƙasar Holan suke haɗuwa.

Ba ma'aikatan kamfani kaɗai ke hawa dandamali ba. Watanni kafin taro akan buɗe ƙofa, mai sha'awa ya aiko da take da taƙaitaccen bayanin abin da zai koyar, kwamiti ya tace. Abin da ya fi jan hankalin masu tacewa shi ne matsala ta gaske da mutum ya warware da hannunsa. Darasin yadda ake zana tambari kuwa, mutum dubu sun riga ka. Amma mutum nawa ne a zauren suka san yadda ɓ da ɗ da ƙ ke ɓacewa tsakanin waya da injin buga kati?

Kuma maganar tana da nama. Masu sana'ar a ƙasashen waje suna kiran ɗan akwatin nan "tofu", wato awara, saboda kamannin da suka yi. Shi ya sa Google ya raɗa wa jerin haruffansa na kyauta suna Noto, ma'ana babu awara, kuma Noto Sans tana da haruffanmu masu lanƙwasa. A ɓangaren ajami ma, ƙungiyar SIL ta fitar da samfuri mai suna Alkalami, wanda aka kwaikwayo daga rubutun hannu irin na malaman Kano. Ɗalibin da ya zauna ya gwada samfura ashirin da aka fi so a shagunan buga kati, ya ware masu ƙ da marasa ita, ya nuna yadda ake kai aiki wurin bugu ba tare da harafi ya sauya ba, to ya haɗa jawabin minti goma sha biyar da ko a littafin makaranta babu shi.

Kada mu yaudari juna, zuwa Amurka sai da biza da kuɗin jirgi, kuma ba kowa zai samu ba. Sai dai ana ɗora yawancin jawaban tarukan nan a intanet kyauta, wanda ya samu data ya sauke ya kalla har ya gaji. A ganina ma kallon yadda mai jawabi ke tafiyar da lokacinsa ya fi abin da yake faɗa amfani ga mai koyo. Sannan Kano ba nisa: motar da ta taso daga Gwarzo ta gaban sabon mazaunin Jami'ar Bayero take wucewa, kuma a birnin ake yin DevFest, taron matasa masu harkar fasaha, inda masu zane ma kan samu gurbi.

Kafin nan, a fara da gida. Ki nemi malamin kwamfuta ya ba ki minti goma a ƙungiyar ɗalibai, ko ka tara abokanka biyar a shago bayan La'asar. A buɗe da katin da aka yi kuskuren, don dariya takan kori tsoro. A nuna aikin a zahiri, kada a tsaya karanta rubutu daga allo. A ajiye hotunan kowane mataki a waya, saboda ranar da majigi zai ƙi tashi. In an yi tambayar da ba ka da amsarta, ka ce za ka bincika, ka rubuta ta a gaban mai tambayar.

Ka kuma roƙi wani ya ɗauki jawabin a bidiyo, ko da ƙaramar waya ce. Masu tace takardun manyan taruka sukan tambayi inda mutum ya taɓa yin magana a baya, kuma wannan ɗan bidiyon na ajinku a Dugabau shi za ka tura musu.