FASHIN BAƘI: Yadda ake zaɓen wuƙar nama, da dalilin da ya sa batun ya wuce ɗakin girki a Illela

A mazaɓar Darna Sabon Gari da ke Ƙaramar Hukumar Illela, kamar sauran garuruwan bakin iyakar Jihar Sakkwato da Jamhuriyar Nijar, dabba ita ce jari. Magidanci kan shafe yini a kara yana duba haƙoran rago, yana ja-in-ja da dillali. Amma idan aka zo kan wuƙar da za a yanka ragon, a feɗe shi, a daddatsa namansa, sai ya ɗauki duk wadda hannunsa ya fara kaiwa a gaban ɗan koli.

Abubuwa uku ne suka rataya a kan wannan zaɓi: kyautata yanka kamar yadda addini ya umarta, darajar fata a kasuwa, da lafiyar waɗanda za su ci naman. Kuma dabba ta ƙara daraja a yankin. An rufe iyakar Illela daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sai a Maris ɗin 2024 Najeriya ta buɗe ɓangarenta. A Mayun 2025 kuma, gab da Babbar Sallah, gwamnatin Nijar ta hana fitar da dabbobi daga ƙasarta. Abin da aka saya da tsada bai kamata a ɓata shi da dakusasshiyar wuƙa ba.

Kowane aiki da wuƙarsa

Rundawa ba sa aiki da wuƙa ɗaya, domin daga yanka zuwa tukunya ayyuka huɗu ne mabambanta.

Wuƙar yanka doguwa ce, miƙaƙƙiya, mara giɓi a bakinta. Ƙwararru kan ba da shawarar tsawonta ya ninka faɗin wuyan dabbar. A mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a Sakkwato, ana buƙatar a yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu ba tare da ɗaga hannu ba kafin a kammala. Gajeriyar wuƙa ko mara kaifi tana tilasta wa mai yanka ya riƙa gurzawa, dabba na shan azaba. Hadisin Shaddad ɗan Aus da Imamu Muslim ya ruwaito ya umarci mai yanka da ya wasa wuƙarsa kuma ya hutar da abin yankansa.

Wuƙar fiɗa gajeriya ce, mai lanƙwasasshen baki da kai mara tsini, don ta bi tsakanin fata da tsoka ba tare da ta huda ko ɗaya ba. Ta cire nama daga ƙashi kuwa siririya ce mai tsini, wadda ke iya shiga gaɓoɓi. Sara ƙashi aikin adda ne ko gatari. Duk wanda ya sari ƙashi da wuƙar yanka ya kashe bakinta, kuma ɓarɓashin ƙarfen da ya ɓalle yana iya ƙarewa a cikin miya.

A gida, uwargida ba ta buƙatar tarin wuƙaƙe. Babba guda mai tsawon kamar santimita 20 don nama, ƙarama don albasa da kayan miya, sai adda, sun wadatar.

Ta maƙera ko ta kanti?

Iri biyu ne a kasuwa. Akwai ta maƙeran gida, waɗanda sau da yawa kan ƙera ta daga tsohon ƙarfen sifirin na mota. Wannan ƙarfe yana da sinadarin kabon da ke ba shi tauri, yana ɗaukar kaifi sosai, kuma yana da sauƙin wasawa a dutse. Aibinsa shi ne tsatsa: da zarar an bar shi da jini ko danshi, sai ya yi ja. Ingancinsa kuma ya dogara ne ga gwanintar maƙerin wajen gasa ƙarfen da tsoma shi cikin ruwa ko mai. Idan taurin ya yi yawa, baki ya riƙa ɓallewa. Idan ya yi kaɗan, ya riƙa lanƙwashewa.

Akwai kuma farar wuƙar kanti, wadda ake shigowa da ita daga ƙasashen waje. Sirrin rashin tsatsarta shi ne sinadarin kuromiyam, wanda ke kai aƙalla kashi 10.5 cikin 100 na ƙarfen. Harry Brearley ne ya shahara da gano irin wannan ƙarfe a birnin Sheffield na Ingila a 1913. Sai dai rashin tsatsa ba shaidar kaifi ba ce. Masu araha daga cikinsu ƙarfensu na da laushi, suna dakushewa tun kafin a gama rago guda, kuma tambarin da aka buga a jikinsu ba hujja ba ne, tunda jabu ba ya wuyar bugawa.

Saboda haka, wanda ke aikin nama kullum kuma ya iya kula da kayansa, ta maƙera za ta fi yi masa. Gidan da wuƙa kan kwana cikin ruwan wanke-wanke, gara ya nemi ta kanti mai kauri.

Abin dubawa kafin a biya kuɗi

Na farko shi ne ƙota. Wuƙar kirki ƙarfenta ya ratsa cikin ƙota har ƙarshe, an daddanne shi da ƙusoshi. Wadda aka soka ɗan guntun ƙarfe cikin roba ko itace takan karye a daidai wuyanta. Ƙotar da ta tsage kuwa maɓoyar jini da kitse ce, wanki ba ya kaiwa can.

Na biyu, baki. Idan aka ɗaga shi ga hasken rana, wurin da ya dakushe ko ya lotsa yakan yi ƙyalli, mai kaifi kuwa ba ya mayar da haske. Wuƙar da ta ratsa takarda ba tare da ta yage ta ba, ta ci jarrabawa.

Na uku, riƙo. Hannun mai aikin nama cike yake da maiƙo, don haka ƙota mai santsi haɗari ce. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, dakusasshiyar wuƙa ta fi mai kaifi yanke hannu, domin sai an danna ta da ƙarfi, daga nan sai ta zame.

Asarar da ba a lissafawa

Jar akuyar Sakkwato, wadda 'yar'uwarta ce ake kiwo a Maraɗi, ta yi suna a duniya saboda fatarta. Ƙarnuka da dama fatake sun ratsa Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, har Turawa suka laƙaba mata sunan fatar Maroko. A yau ma masu sayen fata da kirgi daraja-daraja suke sayensu, kuma huji ko tsagar wuƙa na cikin manyan abubuwan da ke faɗar da daraja. Fiɗa da wuƙa mai tsini na iya mayar da fatar da za ta kai masana'antar jima a Kano abin da za a sayar a wulaƙance.

Batun lafiya

Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ya nuna cewa gurɓataccen abinci na kwantar da mutum miliyan 91 a Afirka duk shekara, yana kashe kimanin 137,000. Wuƙa na cikin hanyoyin yaɗuwar ƙwayoyin cuta: a huda hanji da ita sannan a ci gaba da yanka tsoka, ko a yanka ɗanyen nama sannan a yanka albasa da tumatir ɗin da za a zuba wa tsire ba a wanke ta ba. Shi ya sa a mayankun zamani ma'aikaci ke riƙe wuƙa biyu, yana aiki da ɗaya, ɗayar na cikin ruwan da zafinsa ya kai digiri 82.

Rauni a hannun mahauci ma ƙofa ce ga cututtukan dabbobi irin su bakkale da antiraks, wadda aka tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja ta Jihar Neja a Yulin 2023. Sai dai babu tsaftar wuƙar da ke gyara naman dabbar da ke ɗauke da irin wannan cuta. Ita ba a yanka ta ma sam.

Alhakin wa?

Magidanci zai iya wanke wuƙarsa da ruwan zafi da sabulu, ya goge, ya shafa mata mai, ya mayar da ita kube. Amma ba zai iya kai ruwa mayanka ba. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kafawa, kulawa da tsara mayanku da kasuwanni. A ranar 11 ga Yulin 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kuɗinsu kai-tsaye daga asusun tarayya. Ingancin kayan da ake shigowa da su kuwa yana wuyan Hukumar SON.

Don haka matasan Darna Sabon Gari na da tambayoyin da suka cancanci kansila da shugaban ƙaramar hukuma su amsa: nawa aka ware wa mayanka a kasafin bana? Akwai ruwa a wurin? Wane jami'in dabbobi ke duba nama kafin ya shiga kasuwa? Kuma yaushe aka taɓa zama da Sarkin Fawa da maƙera a kan kayan aikin da al'umma ke cin abinci daga bakinsu?