Ziyarar Karnuka a Asibitin Yara: Me Kimiyya ta Gano?

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa jinyar yaro a asibiti ya san cewa ciwo ba shi kaɗai ke damun yaron ba. An raba shi da gida da abokan wasa, ga baƙin fuskoki, ga warin magani, ga allura safe da yamma. Da yawa daga cikin yara kan daina cin abinci, barci ya gagare su, su riƙa kuka da zarar sun hangi farar riga. A wasu asibitocin Amurka da Turai akwai wata dabara da ake bi don rage wannan fargaba, wato kawo horarren kare ya ziyarci yaron na ɗan lokaci. A wannan maƙala za mu duba abin da fargaba ke yi wa jiki, da asalin wannan dabara, da kuma abin da bincike ya nuna game da ita.

Yadda fargaba ke aiki a jiki

Idan yaro ya tsorata, ƙwaƙwalwa kan aika saƙo zuwa wasu ƙananan ƙulluta guda biyu da ke zaune a saman ƙoda. Waɗannan ƙulluta su ke zuba sinadarai biyu cikin jini. Na farko, adirenalin, shi ke sa zuciya ta riƙa bugawa da sauri, numfashi ya ƙaru, tafin hannu ya yi gumi. Na biyu, kotisol, yana ƙara sukari a cikin jini domin jiki ya sami ƙarfin gudu ko kare kai. Wannan shiri yana da amfani ga wanda ya yi kiciɓis da maciji a gona. Amma idan fargaba ta daɗe, kamar ta mai kwanciya a asibiti, yawan kotisol kan raunana garkuwar jiki, ya kuma jinkirta warkewar rauni. Saboda haka kwantar wa yaro hankali wani ɓangare ne na jinyarsa.

Akwai kuma wani sinadari mai suna oksitosin, wanda jiki ke fitarwa lokacin da uwa ke shayar da jariri, da lokacin runguma ko shafa. Yana daga cikin abubuwan da ke kawo natsuwa. A shekara ta 2003 wasu masana biyu a Afirka ta Kudu, Odendaal da Meintjes, sun auna jinin mutane da na karnuka kafin su zauna tare da kuma bayan zaman. Sun tarar oksitosin ya ƙaru a jikin mutum da na karen, kotisol kuma ya ragu a jikin mutum.

Asalin dabarar

Wani masanin halayyar yara a birnin Niyok mai suna Boris Levinson ya lura cewa wani yaro da ya ƙi yi masa magana ya saki jiki da karensa, daga nan kuma ya fara magana. Ya wallafa abin da ya gani a shekara ta 1962, ko da yake abokan aikinsa da dama sun yi masa dariya a lokacin. A shekara ta 1976 wata ma'aikaciyar jinya, Elaine Smith, ta kafa ƙungiyar tantance karnukan ziyara a Amurka. Yawanci masu karnukan 'yan sa kai ne. Sukan zo da karen ɗakin jinya, yaro ya shafa shi, ya taje masa gashi, ya yi masa magana na kimanin minti 10 zuwa 20.

Abin da gwaje-gwaje suka nuna

Ganin yaro yana murmushi bai isa hujja ba a kimiyya. Dole a raba yara gida biyu ta hanyar ƙuri'a, rukuni ɗaya ya sami ziyara, ɗaya kuma kada ya samu, sannan a auna a kwatanta.

An yi irin wannan gwaji a asibitin yara na Meyer da ke Fulorens a ƙasar Italiya, aka wallafa shi a shekara ta 2015. Yara 50 ne, masu shekara 4 zuwa 11, waɗanda za a ɗebi jininsu. Rabinsu an ɗebi jinin kare na gefensu. Waɗannan sun fi natsuwa, kotisol ɗinsu kuma bai kai na sauran ba. Sai dai zafin allurar da suka ce sun ji bai bambanta da na 'yan uwansu ba.

A shekara ta 2017 an wallafa wani gwajin daga jihar Teksas ta Amurka. Yara 48 ne da ke kwance a asibiti, masu shekara 7 zuwa 17. Wasu kare ya ziyarce su na minti 10, wasu kuma an ba su 'yar tsanar kare mai laushi. Da aka auna kotisol a yawunsu, aka kuma tambaye su yadda suke ji, ba a sami wani bambanci na a zo a gani ba tsakanin rukunan biyu.

Haka kuma a shekara ta 2018 an fitar da sakamakon wani bincike a asibitoci 5 na Amurka kan yara 106 masu ciwon daji. Fargaba ta ragu a rukunan biyu kusan daidai wa daida. Abin mamaki, iyayen yaran da kare ya ziyarta su ne damuwarsu ta ragu a fili.

Me ya sa sakamakon ya sha bamban? Da farko, kotisol yana hawa da sauka da kansa: ya fi yawa da asuba, ya ragu da dare, kuma wasu magunguna na taɓa shi. Na biyu, idan yaro yana cikin natsuwa tun kafin ziyara, babu abin da za a ga ya ragu, alhali yaran Italiya an same su ne daidai lokacin tsoron allura. Na uku, kare ba ya zuwa shi kaɗai. Tare yake da mutum mai fara'a da hira, don haka da wuya a raba aikin karen da na mai shi. Na huɗu, yara 48 ko 50 ba su da yawan da zai bayyana ƙaramin bambanci.

Haɗari da ƙa'idoji

Binciken da aka yi a Kanada ya nuna cewa karen ziyara na iya ɗaukar ƙwayoyin cuta masu jure magani a gashinsa da tafin ƙafarsa. Shi ya sa a shekara ta 2015 ƙungiyar masana yaɗuwar cuta a asibitoci ta Amurka ta fitar da ƙa'idoji: karen ya kai aƙalla shekara ɗaya, likitan dabbobi ya duba shi, a gwada halinsa, ziyara kada ta wuce awa ɗaya, kuma kowa ya wanke hannu kafin ya taɓa shi da bayan ya taɓa. Ba a kai kare wurin yaron da jikinsa ba ya shiri da gashin dabba, ko wanda ke tsoronsa.

Wannan sharaɗi na ƙarshe ya shafe mu ƙwarai. A ƙasar Hausa aikin kare gadi ne da farauta, mutane da yawa kuma ba su shigar da shi ɗaki saboda dalilan addini da al'ada. Yaron da ya taso yana gudun kare, ganinsa a bakin gado ƙara masa kotisol zai yi. Bugu da ƙari, ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara a duniya, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Don haka kada ɗalibi ya karanta wannan ya je ya taɓa karen da bai sani ba. Wanda kare ya ciza a wanke wurin da sabulu da ruwa na tsawon minti 15, a garzaya da shi asibiti.

Kammalawa

Abin da hujja ta nuna zuwa yanzu shi ne, ziyarar kare na iya rage tsoro na ɗan lokaci, musamman dab da allura, ga yaron da ya saba da kare. Ba a tabbatar tana saurin warkar da cuta ba. Darasin da ya fi amfani gare mu shi ne cewa fargabar yaro abu ce da ake iya aunawa, ana kuma iya rage ta. Zaman uwa kusa da gado, da riƙe hannu, da tatsuniya, da gaya wa yaro gaskiyar abin da za a yi masa da harshen da zai gane, duk suna ɗauke hankali daga tsoro. Malaman kimiyya na iya gwada wannan a aji: ɗalibai su ƙirga bugun jijiyar wuyan hannunsu na minti ɗaya kafin jarrabawa, su sake ƙirgawa bayan hira da aboki, su rubuta bambancin.